BABI NA TARA: MATA 'YAN ƘWADAGO A GANDAYEN SHAYI NA ƘASAR SIRI LANKA

9.0 Gabatarwa

Shayi ya zama abincin safe a mafi yawan gidajen ƙasar Hausa, har ma teburin mai shayi ya zama wata majalisa ta musamman a birni da ƙauye. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu kurɓarsa suka taɓa tambayar kansu hannun da ya tsinko ganyen. A manyan gandayen shayi na duniya, wannan hannu na mace ne, kuma galibi matar aure ce mai 'ya'ya, wadda aikin gida yake jiranta kafin ta fita da kuma bayan ta dawo.

A wannan babi za a yi nazarin rayuwar irin waɗannan mata, ta hanyar ɗaukar misali ɗaya a zurfafa a cikinsa, wato gandayen shayi na tsibirin Siri Lanka da ke kudu da ƙasar Indiya. An zaɓi wannan tsibiri ne saboda daɗewar tarihinsa a noman shayi, da kuma kasancewar a can ne attajirin nan Thomas Lipton ya sayi gandaye a shekarar 1890, wanda sunansa ya bi duniya har Bahaushe ya mayar da Lipton sunan ganyen shayi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne: ana biyan mace ladan abin da ta ɗora a kan sikeli ne kawai, alhali kuwa gandun ya dogara a kan wani aikin nata na biyu, wanda ba a aunawa, ba a kuma biya, wato riƙon gida da renon 'ya'ya.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar gandu da siffofin da suka bambanta shi da gonar talaka;
(b) kawo taƙaitaccen tarihin leburorin gandayen shayi na Siri Lanka;
(c) nuna yadda tsarin biyan lada yake cin karo da hidimar gida;
(d) bayyana tasirin wannan yanayi a kan karatun yara, musamman 'ya'ya mata;
(e) amfani da keɓaɓɓun kalmomin da suka shafi ƙwadago cikin daidaitacciyar Hausa.

9.2 Ma'anar Gandu da Ƙwadago

Kalmar gandu tsohuwa ce a Hausa. Tana nufin babbar gonar da iyali suke nomawa tare a ƙarƙashin maigida, kamar yadda take nufin babbar gonar sarki ko ta wani mai hali. A wannan babi an faɗaɗa ma'anarta domin ta ƙunshi makekiyar gonar kamfani, wadda take da siffofi huɗu. Na farko, amfanin gona iri ɗaya ake nomawa, kamar shayi ko roba ko rake ko ayaba ko kwakwar manja. Na biyu, don kasuwa ake noman, galibi kasuwar ƙetare. Na uku, akwai masana'anta a cikin gandun ko kusa da shi, domin irin wannan amfani ba ya jure ajiya kafin a sarrafa shi. Na huɗu, kuma mafi muhimmanci ga wannan nazari, leburori da iyalansu a cikin gandun suke zaune, a gidajen da kamfani ya mallaka.

Ƙwadago kuwa shi ne sayar da ƙarfi a gonar wani ko a wurin aikin wani domin a sami lada. Ɗan ƙwadago ba shi da rabo a cikin amfanin da ya noma. Abin da ya mallaka shi ne ƙarfinsa da lokacinsa, kuma su yake kai wa kasuwa kowace safiya.

9.3 Taƙaitaccen Tarihi

Kafin shekarar 1972, Silon ake kiran wannan tsibiri. Bayan da Turawan Birtaniya suka mamaye shi baki ɗaya a 1815, sai suka sare dazuzzukan da ke kan tsaunukan tsakiyar ƙasar, suka shuka kofi. Da yake mazauna yankin suna da gonakinsu na shinkafa, ba su yarda su zama leburori ba. Saboda haka tun daga shekarun 1820 aka fara kwaso talakawa 'yan ƙabilar Tamil daga kudancin Indiya. Wanda yake tara su ya jagorance su zuwa gandu shi ake kira kangani, kuma shi ne yake zama shugabansu a wurin aiki, yake ba su bashin guzuri, bashin da sau da yawa yakan ɗaure iyali tsawon shekaru.

A shekarar 1869 wata cuta mai kama da tsatsa ta ɓulla a ganyen kofi, ta yi ta yaɗuwa har ta durƙusar da nomansa. Shekara biyu kafin haka, wato a 1867, wani mutumin Sukotlan mai suna James Taylor ya riga ya fara gwada shuka shayi a gandun Loolecondera. Da kofi ya mutu sai shayi ya gaje shi. Wannan sauyi ya taɓa rayuwar mata kai tsaye. Kofi yana da kaka, leburori sukan zo su yi aiki su koma gida. Shi kuwa shayi duk shekara ake tsinkarsa, don haka masu gandaye suka bukaci iyalai da za su zauna dindindin, suka kuma keɓe wa mata aikin tsinka a kan lada ƙasa da na maza.

Samun 'yancin kai a 1948 bai zo wa waɗannan mutane da sauƙi ba, domin dokar zama ɗan ƙasa ta wannan shekara ta bar mafi yawansu ba su da ƙasa. A 1964 gwamnatocin Indiya da Silon suka ƙulla yarjejeniyar mayar da mutum 525,000 Indiya, a kuma ba 300,000 izinin zama 'yan ƙasa. Ba a rufe wannan babi ba sai da dokar 2003. Gwamnati ta karɓe gandayen daga hannun kamfanoni a shekarun 1970, sannan a 1992 ta sake miƙa gudanar da su ga kamfanoni masu zaman kansu. Ƙidayar 2012 ta nuna yawan wannan al'umma ya kai kimanin mutum 840,000, wato kusan kashi 4 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Ya kamata a lura cewa mafi yawan shayin ƙasar ya koma fitowa daga ƙananan manoma masu gonar kansu, amma wannan babi ya taƙaita ne a kan manyan gandaye na yankunan Nuwara Eliya da Hatton da Badulla.

9.4 Muhalli da Yinin Mai Tsinka

Gidajen da Turawa suka gina wa leburori dogayen gine-gine ne masu rufin kwano, an yanka su ɗaki-ɗaki a jere kamar bariki, shi ya sa ake kiransu ɗakunan layi. Faɗin ɗaki ɗaya bai wuce ƙafa 10 da tsawon ƙafa 12 ba, kuma a cikinsa ne iyali guda suke kwana, wani lokaci har da kakanni. Famfo da makewayi na tarayya ne. Yankin yana da tsananin sanyi da yawan ruwan sama, domin garin Nuwara Eliya yana kan tudun da ya kai kusan mita 1,900 daga doron teku. Mallakar ɗakin tana hannun gandu, kuma a al'adance zaman iyali a cikinsa yana rataye da kasancewar wani daga cikinsu a rajistar ma'aikata. Sau da yawa wannan mutum ita ce uwa. Ke nan aikinta shi ne kuɗin cefane, shi ne kuma kuɗin haya.

Yinin mai tsinka yakan fara tun da asuba. Za ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta gasa wata gurasar fulawa da suke kira roti, ta dafa shayi, ta shirya 'yan makaranta, ta kai na goye gidan reno, sannan ta isa wurin kiran suna da misalin ƙarfe bakwai da rabi zuwa takwas. Daga nan sai ta hau gangaren tsauni da kwando ko buhu a baya, an rataye shi da igiya a kanta, domin hannuwanta biyu su sami damar aiki. Abin da ake bukata shi ne ganye biyu na sama da ɗan tohon da ke tsakaninsu. Tana tsaye yini guda, ruwa yana dukanta, matsattsaku suna kama ƙafafunta, ga kuma fargabar rina da macizai. Sau biyu ko uku a rana ake auna abin da ta tsinko, kuma akan rage wani abu daga nauyin da sunan laimar ganye ko nauyin buhu. Kimanin kilo huɗu zuwa huɗu da rabi na ɗanyen ganye ne yake ba da kilo ɗaya na busasshen shayi.

A nan ne bambancin aikin maza da na mata yake fitowa. Maza su ne da sassabe da datse itatuwa da zuba taki da feshin magani. Irin wannan aiki jinga ne, wanda ya gama rabonsa ya tashi, galibi da azahar. Mace kuwa sai wajen ƙarfe huɗu da rabi ko biyar take barin gona. A hanyarta ta dawowa za ta ɗauko yaro, ta tsinto itacen girki, ta ɗora tukunya, ta yi wanki, ta duba tsoho ko marar lafiya. Ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi.

9.5 Yadda Ake Lissafin Lada

Har zuwa shekarar 1984 ladan mace a gandu ƙasa yake da na namiji. Wani babban yajin aiki na wannan shekara ne ya kawo daidaita ladan yini tsakanin jinsunan biyu, ko da yake bai daidaita tsawon sa'o'in aiki ba. Lada na yini ne, a ƙarshen wata ake haɗawa a biya. Ranar da ba a fita ba, babu ko sisi. Haka kuma akwai adadin kilo da aka ƙayyade wa kowace mace, wanda yakan kama daga 16 zuwa 20 gwargwadon gandu da yanayin shekara. Wadda ta haura adadin ana biyanta ƙarin kuɗi a kan kowane kilo. Wadda ta gaza kuwa akan rubuta mata abin da ma'aikatan suke kira rabin suna, wato ladan rabin yini.

Domin a ga yadda wannan tsari yake cin karo da hidimar gida, a duba yarjejeniyar albashi ta shekarar 2013 tsakanin kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago. Ladan yini a lokacin rupi 620 ne, amma kashi uku aka raba shi: rupi 450 ainihin lada, rupi 30 ƙarin da ya danganci farashin shayi, sai rupi 140 tukuicin zuwa aiki. Wannan tukuici ba ya samuwa sai ga wadda ta halarci kashi 75 cikin ɗari na ranakun aikin da gandu ya bayar a wata.

Alal misali, a ɗauka gandu ya ba da aikin kwana 25 a wata. Matar da ta yi kwana 19 ta cika sharaɗi, za a lissafa mata 19 sau 620, wato rupi 11,780. Maƙwabciyarta da ɗanta ya kwanta ciwo, ta yi jinya har ta sami kwana 18 kacal, ta faɗi ƙasa da sharaɗi, za a lissafa mata 18 sau 480, wato rupi 8,640. Bambancin kwana ɗaya ya jawo mata asarar rupi 3,140, fiye da ladan kwana shida a kan lissafin da aka yi mata. Uwar da ta san wannan lissafi, idan ta wayi gari da yaro mai zazzaɓi a ƙarshen wata, tana tsakanin zaɓi biyu ne masu ɗaci: ta zauna ta yi jinya ta rasa kuɗin magani, ko ta fita ta bar shi a hannun yayarsa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ita kullum ana bukatar ta tauna.

An sauya wannan tsari a yarjejeniyar 2019, sannan a watan Maris na 2021 gwamnati ta tsayar da ladan yini a kan rupi 1,000. Ƙungiyoyin ƙwadago sun koka cewa bayan ƙarin, wasu gandaye sun ɗaga adadin kilo ko sun rage ranakun aiki. Su kuwa kamfanoni hujjarsu ita ce kuɗin ƙwadago ne mafi girman kaso a cikin abin da suke kashewa, kuma suna gasa da ƙasashe irin su Kenya da Indiya a kasuwa ɗaya. Ba a jima ba tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 2022. Dalar Amurka ta tashi daga kimanin rupi 200 zuwa kimanin 360, hauhawar farashi ta kusa kai kashi 70 cikin ɗari a watan Satumba, ta kayan abinci kuma ta haura kashi 90. Rupi 1,000 da ya yi daidai da dala 5 ya koma ƙasa da dala 3. A watan Satumba na 2024 aka ɗaga ainihin ladan zuwa rupi 1,350.

9.6 Shigar Kuɗi da Fitarsu

Abin da aka rubuta a takardar albashi ba shi ne yake isa hannu ba. Ana cire kashi 8 cikin ɗari zuwa asusun ajiyar ma'aikata na ranar barin aiki, a cire kuɗin ƙungiya, a cire bashin tsakiyar wata, da na fulawa ko shinkafar da aka karɓa, da na bikin Dipabali, wanda shi ne babban bikin shekara ga mabiya addinin Hindu, addinin mafi yawan ma'aikatan. Ragowar kuwa mai kanti yana jiranta, domin gidaje da dama da bashi suke cin abinci daga wannan albashi zuwa wancan.

Akwai kuma tambayar wanda yake riƙe kuɗin. Tsawon shekaru al'adar gandaye ita ce miji ya je layin biya ya karɓi nasa da na matarsa, tun da a lokacin da ake biya tana can gona ba ta tashi ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A gidan da miji yake da kula, kuɗin suna komawa cefane. A gidan da yake shan barasa, wadda matsala ce sananniya a gandayen, wani kaso yakan salwanta kafin ya iso gida. Al'adar ta ragu sakamakon wayar da kai da kuma buɗe wa mata asusun banki, amma ikon yanke shawara a kan kuɗin bai koma hannunsu gaba ɗaya ba.

Alkaluman hukuma sun nuna sakamakon wannan yanayi. Binciken kuɗin shiga da kashewar gidaje na 2019 ya nuna kusan kashi 34 cikin ɗari na mazauna gandaye suna ƙasa da ma'aunin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 14 ne. Binciken lafiya na 2016 kuma ya nuna kusan kashi 32 cikin ɗari na yaran gandaye 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, idan aka kwatanta da kashi 17 na ƙasa baki ɗaya.

9.7 Reno da Karatun Yara

Dokar ƙasar ta tanadi hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa damar tsayawa sau biyu a rana har jariri ya shekara. Gandaye suna da gidajen reno, kuma an inganta da dama daga cikinsu tun daga shekarun 1980 da taimakon hukumomin ƙasa da ƙasa. Sai dai tazara tsakanin gidan reno da gangaren da aka tura mace aiki tana iya zama tafiya mai nisa a ƙasa, kuma duk mintin da ta yi a hanya ganye ne da bai shiga kwando ba. Doka ta ba ta lokaci, sikeli ya karɓe.

Gidan reno yana rufewa da yamma, ba ya karɓar marar lafiya, ba ya kuma kula da tsofaffi. Wannan giɓi kaka ce take cike shi, in babu kaka sai babbar 'ya. Ita ce za ta makara saboda ɗiban ruwa, ta yi fashi ranar da ƙaninta ba shi da lafiya, ta dawo gida ta ɗora girki a maimakon bitar darasi. Makarantun gandaye sun daɗe a hannun masu gandu, ba sa wuce matakin firamare, sai a ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta fara karɓarsu. An sami ci gaba sosai tun daga lokacin, har 'ya'yan masu tsinka sun zama malamai da ma'aikatan jinya da lauyoyi. Duk da haka yankin yana bayan sauran sassan ƙasar wajen kammala sakandare, kuma yarinyar da ta bar makaranta takan ƙare ne a aikatau a birnin Kolombo, ko a masaƙa, ko ta gaji kwandon uwarta.

9.8 Dabarun Cike Giɓi

Matan gandu ba su naɗe hannu ba. Daga cikin dabarunsu akwai:

(a) Adashi, wanda suke kira sittu, domin tara kuɗin littattafai ko na biki ko na gyaran ɗaki.
(b) Jinginar da 'yan kunne ko sarƙar zinariya idan ta ɓaci, a fanso bayan albashi.
(c) Ɗan lambu a bayan ɗaki, da kiwon kaji ko saniyar tatsa.
(d) Ƙwadago a gonakin kayan lambu ko na ƙananan manoman shayi a ranakun hutu, inda ake biya nan take.
(e) Tafiya aikatau zuwa ƙasashen Larabawa kamar Saudiyya da Kuwaiti na shekara biyu ko fiye.

Idan aka lura, kowace dabara tana da farashinta. Lambu da kiwo da ƙwadagon ranar hutu suna cinye ɗan lokacin da ya rage na hutawa. Tafiya ƙetare tana iya gina ɗaki ta biya bashi, amma tana raba uwa da 'ya'yanta, nauyin gidan kuma ya sake faɗawa kan kaka ko babbar 'ya.

9.9 Gwagwarmaya da Sauye-sauye

Mata su ne fiye da rabin ma'aikatan gandayen shayi, suna kuma biyan kuɗin ƙungiya kowane wata, amma shugabancin ƙungiyoyin ya daɗe a hannun maza. Saboda haka bukatu irin su makewayi a gona da ingancin gidan reno da gaskiyar sikeli sukan zo a ƙarshen jerin abin da ake tattaunawa.

Misali mafi shahara na matan da suka ƙi yarda da haka ya faru ne a tsallaken teku, a garin Munnar na jihar Kerala ta Indiya, inda masu tsinkar shayi su ma 'yan ƙabilar Tamil ne masu irin wannan tarihi. A watan Satumba na 2015, da kamfani ya rage garaɓasar ƙarshen shekara zuwa kashi 10 cikin ɗari, dubban mata suka fito suka zauna a kan babbar hanya tsawon kwana tara, suka hana shugabannin ƙungiyoyi da 'yan siyasa yin magana da yawunsu. Sun kira tafiyar tasu Pembilai Orumai, wato haɗin kan mata. Sun sami garaɓasar kashi 20, daga baya kuma aka ɗaga ladan yini daga rupin Indiya 232 zuwa 301.

A Siri Lanka ma an ga sauyi ta fuskar muhalli. An fara rabon filaye da gina gidaje masu zaman kansu a madadin ɗakunan layi, kuma a 2017 gwamnatin Indiya ta yi alkawarin ƙarin gidaje 10,000 a kan 4,000 na farko. Muhimmancin wannan shi ne, ranar da iyali suka mallaki gidansu, uwa za ta iya barin gandu ba tare da ta rasa wurin kwana ba.

9.10 Abin Lura ga Malami

A Nijeriya ma ana noman shayi a gandun Kakara da ke kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, ga kuma gandayen rake da na roba da na kwakwar manja a wasu sassa. Bayan haka, a kowane gari akwai iyaye mata da suke yini a wajen gida domin neman abin sawa a baka. Malamin da aka tura irin waɗannan wurare zai tarar da 'ya'yansu a ajinsa. Idan yarinya tana yawan makara, ko tana gyangyaɗi, ko fashinta yana zuwa a wasu ranaku sanannu, ya kamata ya binciki dalili kafin ya ɗauki bulala. Rajistar aji tana iya nuna masa abin da yarinyar ba za ta iya faɗa ba. Haka kuma sanya taron iyaye a lokacin da uwa take bakin aiki daidai yake da hana ta zuwa, domin halartarta tana nufin asarar ladan yini.

9.11 Nazarin Kalmomi

Shayi: an aro ta daga Larabci, asalinta kuma daga harshen Sin. Takwararta ti ta shigo ta hanyar Ingilishi.
Lebura (jam'i leburori), sikeli, kilo, kamfani: ararrun kalmomi ne daga Ingilishi da aka daidaita su da tsarin gaɓar Hausa.
Ɗan ƙwadago, 'yar ƙwadago, 'yan ƙwadago: harɗaɗɗun sunaye masu nuna namiji da mace da jam'i.
Ma'aikaci, ma'aikaciya, ma'aikata: an gina su da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar jinsi ko adadi.
Lada, albashi, jinga, tukuici, garaɓasa: duk sun shafi biya, amma kowace da muhallinta. Lada sakamakon aiki ne, albashi na wata ne, jinga yarjejeniya ce a kan aiki ƙayyadadde, tukuici da garaɓasa kuwa ƙari ne a kan ainihin haƙƙi.

9.12 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda noman shayi ya mayar da mace ginshiƙin gandu da na gida a lokaci guda. An nuna cewa ladanta yana rataye da kilo da yawan kwanaki, ɗakin kwananta yana rataye da aikinta, hidimar gida kuma ba ta cikin lissafin kowa. Idan lokaci ya gaza, abin da ake yankewa shi ne barcinta da lafiyarta da karatun babbar 'yarta. Ƙarin lada yana da amfani, amma tarihin 2021 zuwa 2022 ya nuna hauhawar farashi tana iya lashe shi cikin shekara guda. Gyara mai ɗorewa ya haɗa da gidan reno kusa da wurin aiki, da mallakar muhalli, da shigar mata shugabancin ƙungiyoyi, da kuma ɗaukar maza wani kaso na aikin gida.

Auna Fahimta

1. Kawo siffofi huɗu na gandu kamar yadda aka bayyana a wannan babi.
2. Me ya sa komawa daga kofi zuwa shayi ya ƙara bukatar mata a gandaye?
3. Bisa yarjejeniyar 2013, idan gandu ya ba da aikin kwana 24, lissafa abin da mai kwana 18 da mai kwana 17 za su samu.
4. Bayyana dangantakar aikin uwa da karatun babbar 'yarta.
5. Bambance tsakanin lada da albashi da jinga, tare da sanya kowace a cikin jimla.

Jinga

Ɗalibi ya tattauna da wata mace mai aikin ƙwadago a garinsu, bayan neman izininta kuma ba tare da rubuta sunanta ba. Ya tsara jadawalin yininta daga tashi zuwa kwanciya, ya ware sa'o'in da ake biyanta da waɗanda ba a biya, sannan ya rubuta bayanin shafi biyu cikin daidaitacciyar Hausa.